Ranar da farfesoshi za su tsare ka a gaban allo: jarrabawar tantance masu digirin digirgir a kemistiri

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karantawa.

Yau Amurka za mu leƙa, cikin sashen kemistiri, wato ilimin sinadarai. Za mu yi magana a kan wata jarrabawa da yawancin masu neman tafiya karatu ba sa jin labarinta sai sun isa can. Kowa hankalinsa yana kan samun gurbi da biza, ana ganin da zarar jirgi ya tashi an gama. To ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwai wata ƙofa a tsakiyar hanya, wajen shekara ta biyu, kuma ba kowa ke wuce ta ba. Ɗalibai a can suna kiranta "kwal" a taƙaice, ma'anarta jarrabawar tantance cancanta.

Bari mu fara da yadda tsarin yake, don abin ya fito sosai. A Najeriya mun saba sai ka yi digiri na biyu kafin ka nemi na uku. A Amurka, a fannin kemistiri, yawancin ɗalibai daga digirin farko suke shiga digirin digirgir kai tsaye, kuma karatun yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida. Ba ka biyan kuɗin makaranta daga aljihunka. Jami'ar ce ma take ba ka alawus duk wata, kai kuma kana koyar da 'yan ajin farko a ɗakin gwaje-gwaje, kana duba takardunsu, ko kuma malamin da kake aiki a ƙarƙashinsa ya biya ka daga kuɗin binciken da ya samo. Abin da mutane ba sa lura da shi a takardar ɗauka shi ne, ɗalibi aka ɗauke ka, ba ɗan takarar digirin ba tukuna. Sunan "ɗan takara" matsayi ne na daban a rajistar jami'a, kuma wannan jarrabawar ce take ba ka shi. Kafin nan, kamar gwajin aiki kake.

A sassa da yawa abin hawa-hawa ne. Hawan farko yana zuwa tun makon da ka sauka, kafin ma ka gama sanin hanyar kanti. Za a zaunar da sababbin ɗalibai a yi musu jarrabawar auna tushe a manyan rassan fannin: kemistirin sinadarai masu kabon, na waɗanda ba su da shi, na lissafi da fiziks, na awo da tantance abin da ke cikin samfuri, wani lokaci da na jikin halittu. Sau tari tambayoyin na Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Amurka ne, wadda ake kira ACS, da aka kafa tun 1876. Irin na zaɓi ɗaya cikin huɗu ne, kuma gaskiya ɗalibin da ya yi karatun digirin farko da gaske a Kano ko Zariya ko Yamai ba abin da zai firgita shi a nan. In ka gaza a wani reshe, sai a ce ka ɗauki darasinsa ko ka sake zama. A gefe guda, ga masu shirin nema: jarrabawar GRE ta musamman a kan kemistiri an daina ta tun 2023, don haka kada wani ya sayar muku da littafin shirinta.

Hawa na biyu tsohuwar al'ada ce da wasu sassa suka riƙe, wasu suka watsar. Jarrabawa ce ta rubutu da ake yi kusan duk wata a lokacin karatu, ana tara makin, ɗalibai suna ce mata "kiyum". Farfesa ɗaya ne yake fitar da tambayoyin wannan watan, wata mai zuwa wani daban. Wani zai sanar da batun tun da wuri, wani ba zai faɗa ba. Wani zai ɗauko maƙalar da ta fito kwanan nan a mujallar ƙungiyar ACS ya ce ka yi bayanin yadda aka haɗa sinadarin, mataki-mataki. Ana so ka ci wani adadi kafin wa'adi ya cika. Akwai inda ake neman huɗu, akwai inda ake neman shida. Hikimar ita ce a tilasta maka karanta sabon bincike kullum. Masu sukarta kuma suna cewa tana cinye lokacin da ya kamata ɗalibi ya yi a ɗakin gwaje-gwaje, kuma sa'a tana da yawa a ciki, domin in farfesan wannan watan fanninsa ya yi nisa da naka, sai dai ka jira wata mai zuwa. Shi ya sa sassa da dama suka soke ta.

Yanzu mu zo kan babbar, wadda saboda ita muka yi shirin nan: jarrabawar baka.

Ɗaki ne ƙarami, da allo, da farfesoshi uku ko huɗu a zaune. Kafin ranar ka riga ka miƙa musu rahoton abin da ka yi a bincikenka da abin da kake shirin yi. Za ka tashi ka fara bayani da majigi. Ka shirya jawabin minti 30 ko 40, amma da wuya ka yi minti biyar ba a katse ka ba. Zaman yakan kai awa biyu zuwa uku. Malaminka, wanda ka saba fakewa a bayansa, a wasu jami'o'in yana zaune amma an hana shi taimaka maka, a wasu kuma ba shi da ta cewa sosai. A Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, misali, doka ba ta yarda wanda zai jagoranci kundin bincikenka ya zama shi ne shugaban kwamitin wannan jarrabawar ba. Ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Don ku ga yadda tambayoyin suke tafiya, bari in ɗauki misali da abin da duk ɗan manomi ya sani, takin zamani. A ce ɗaliba ce, bincikenta a kan sinadaran da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, waɗanda ake kira katalis. A farkon jawabinta ta ambaci hanyar Haber da Bosch ta yin amoniya, wadda daga ita ake samun takin yuriya, irin wanda masana'antar Dangote take yi a Legas. Ta ambata ne kawai don share fage. Sai wani farfesa ya ɗaga hannu ya ce, je ki allo ki rubuta mana.

Ta rubuta: ƙwayar naitirojin ɗaya da na haidirojin uku suna ba da amoniya biyu. Wannan ko ɗan sakandare ya sani. Sai ya ce, haɗuwar tana fitar da zafi ne ko tana sha? Ta ce tana fitarwa, kusan kilojul 92. Madalla. To in tana fitar da zafi, ƙa'idar Le Chatelier me ta ce? Ta ce in aka rage zafi za a fi samun amoniya. Sai ya jingina da kujera ya ce, to don me masana'antu suke yin aikin a zafin da ya kai 400 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyas? Wawaye ne?

Kun ga an fara barin hadda. Amsar ita ce, tambayoyi biyu ne mabambanta: ina haɗuwar take son ta tsaya, da kuma yaya saurin tafiyarta. A sanyi, lissafi yana goyon bayan amoniya, amma tafiyar ta yi nawar da ko jikokinka ba za su ga buhu ɗaya ba. Dalili kuwa ƙwayar naitirojin igiya uku ce ta ɗaure ɓangarorinta biyu, kuma tsinka ta na buƙatar kusan kilojul 945, tana cikin ɗauri mafi ƙarfi da aka sani. Shi ya sa iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma masara ba ta iya cin ko kaɗan daga ciki kai tsaye. Don haka sai a ƙara zafi a samu sauri, a yi asarar wani kaso, sannan a rama da matsi mai tsanani, ninkin matsin iskar duniya sau 150 zuwa sama, tunda ƙwayoyi huɗu ne suke komawa biyu kuma matsi yana tura su wajen da suka fi ƙaranci. Duk da haka, a zagaye ɗaya kusan kashi 15 cikin ɗari kawai ake samu, sai a tsame amoniyar a mayar da sauran iskar ciki.

Ɗalibar ta amsa wannan, tana murna. Sai farfesa ta biyu ta karɓa: shi ƙarfen da ake sakawa a matsayin katalis, yana ƙara yawan amoniyar da za a samu a ƙarshe? Tarko ne. Ba ya ƙarawa, hanya kawai yake gajartawa. To a kan fuskar ƙarfen, wane mataki ne ya fi jan lokaci? Rabuwar ƙwayar naitirojin gida biyu. Wannan yana cikin aikin da Gerhard Ertl na Jamus ya yi, wanda ya samu kyautar Nobel a 2007, bayan Fritz Haber ya samu tasa ta 1918, Carl Bosch kuma a 1931. Ku duba fa, masana'antar farko ta fara aiki a Oppau tun 1913, amma sai bayan gomman shekaru aka fahimci abin da yake faruwa a kan ƙarfen dalla-dalla.

Sai na ukun, wanda tun ɗazu bai ce komai ba, ya yi gyaran murya. Ya ce, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa suna yin wannan aikin a cikin ƙasa, ba tanderu, ba matsi. Yaya suke yi? Manomanmu sun daɗe da sanin gonar da aka shuka wake tana yi wa gero kyau, wannan ne sirrin. Ɗalibar ta san sunan sinadarin da ke aikin, naitirojines, ta san a tsakiyarsa akwai dunƙulen ƙarfe da molibdenam da sulfa, ta san yana ƙona makamashin jiki mai yawa, ƙwayar ATP 16 a kan kowace naitirojin ɗaya. Sai ya ce, to a kan wanne daga cikin ƙarafan naitirojin ɗin take fara sauka, kuma ta yaya igiyar farko take tsinkewa?

Nan ne iyaka. Wannan tambayar masana har yanzu suna bincike da muhawara a kanta. Shi farfesan ya san haka sarai. Ba amsa yake nema ba, so yake ya ga me za ta yi in ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarta. Kuma a ganina duk jarrabawar saboda wannan minti biyar ɗin aka shirya ta. Kwamitin zai yi ta tura ka har sai ya kai ka inda saninka ya tsaya, ko kai waye. In ka amsa goma, za a yi ta sha ɗaya. Saboda haka kai wa iyaka ba alamar faɗuwa ba ce, kowa sai ya kai.

A wannan gaɓar mutane kashi uku ne. Akwai wanda zai daskare, alli a hannu, ya yi shiru har ɗakin ya yi nauyi. Akwai wanda zai fara kame-kame, yana jero manyan kalmomi da fatan ɗaya za ta dace, kuma wallahi wannan ya fi na farko haɗari, domin mutanen da ke gabansa sun shekara ashirin ko talatin a fannin, kuma mai ƙirƙirar amsa a gaban allo ana tsoron gobe zai ƙirƙiri sakamako a ɗakin gwaje-gwaje. Sai na uku, wanda zai ce, ban san wannan ba, amma ga abin da na sani kusa da shi, ga hasashena, ga kuma gwajin da zan yi in gane ko hasashen daidai ne, in na ga kaza to na yi kuskure. Wannan shi ake nema. Digirin digirgir gaba ɗayansa aiki ne a wurin da babu littafin amsa, shekara uku ko huɗu masu zuwa a can za ka zauna.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu mun taso a tsarin da gwani shi ne wanda ya riƙe karatu ya mayar da shi yadda aka ba shi, tun daga firamare har WAEC da JAMB, har cikin jami'a inda wani malamin in ka kauce wa kalmomin takardarsa sai ya rage maka maki. Ƙarfin riƙe karatu baiwa ce, kuma yana taimako sosai a hawan farko da na biyu. Amma a ɗakin nan shi kaɗai ba ya fitar da mutum. Sannan ga tarbiyya: an koya mana ba a musu da malami, ba a kallon babba ido cikin ido, in ya faɗi abu sai ka ce haka ne. To a can farfesa yana iya faɗin abin da ya san ba daidai ba ne da gangan, ko ya soki sakamakonka mai kyau, don ya ga ko za ka tsaya a kan hujjarka. In ka sunkuyar da kai ka ce haka ne ranka ya daɗe, shi abin da zai rubuta shi ne ɗalibin bai yarda da aikinsa ba. Ladabi yana nan, ba wanda ya ce ka ɗaga murya. Za ka iya cewa, na fahimci damuwarka farfesa, amma ga dalilin da ya sa nake ganin ba haka ba ne, ka juya ga allo ka zana.

Wasu sassan suna ƙara wani abu, ko a rana ɗaya ko a wani zama daban: ka kawo shawarar sabon bincike na ƙashin kanka, a kan batun da ba shi kake yi ba, ba kuma na malaminka ba. Shafi goma ko kusa da haka, a tsarin da ake rubuta neman kuɗin bincike. Ka faɗi tambayar, ka faɗi dalilin da ya sa ta dace a kashe mata kuɗi, ka faɗi yadda za ka yi, da abin da za ka koma in hanyar farko ta ƙi. Ɗalibai da yawa sun fi jin tsoron wannan, tunda babu wanda za ka ce shi ya ba ka ra'ayin.

In an gama sai a ce ka fita ka jira a baranda. Su tattauna, minti goma ko ashirin, sannan a kira ka. Sakamakon iri uku ne: ka ci, ko ka ci da sharaɗi, misali ka sake rubuta rahoton ko ka ɗauki wani darasi, ko kuma ba ka ci ba. Yawanci ana ba da dama ta biyu bayan 'yan watanni. In ta biyun ma ta ƙi, akasari sai a ba ka digiri na biyu a sallame ka. Yawancin waɗanda suka kai ga shiga ɗakin suna wucewa, domin malami mai hankali ba ya barin ɗalibinsa ya shiga bai shirya ba. Amma ana faɗuwa, kuma ga baƙo abin ya fi ciwo. Ba'amurke in an sallame shi, gida zai koma ya nemi aiki. Kai kuwa bizarka ta F-1 a ɗaure take da karatun. Karatu ya ƙare, alawus ya tsaya, kuma taƙaitaccen wa'adi gare ka bayan kammalawa ka bar ƙasar, ko ka samu wata makarantar, ko ka riga ka nemi izinin aikin wucin gadi da ake ba waɗanda suka gama. Ga kuma 'yan uwa a gida da tun ranar rakiya filin jirgi suke kiranka dakta.

Akwai ma maganar kuɗi ta ɓangaren malamin. A jami'o'in Kalifoniya na gwamnati, ɗalibin da ba ɗan jiha ba ana biya masa ƙarin kuɗin makaranta sama da dala 15,000 a shekara, kuma sashe ko malamin ne yake ɗaukar nauyin. Da zarar ɗalibin ya zama ɗan takara, ana yafe wannan kuɗin har shekara uku. Kun ga ke nan malaminka yana da dalilinsa na son ka shiga da wuri, kuma yana da kyau ka san haka lokacin da kuke tsayar da rana.

Shin jarrabawar adalci ce? Ni dai ina ganin manufarta mai kyau ce, amma ma'auninta yana da rauni. Babu takardar maki da kowa zai gani. Kwamitin wani masu sauƙin kai ne, na wani kuma akwai farfesan da ya shahara da sa ɗalibai kuka. Wanda Turanci harshen uwarsa ne yana iya rufe raunin iliminsa da zaƙin baki, wani kuma ya san abin sarai amma kafin ya juya shi daga Hausa ko Faransanci a kansa an ɗauka bai sani ba. Wasu sassan sun fara gyara, suna rubuta abubuwan da za a auna tun kafin zama, suna ba ɗalibi bayanin sakamako a rubuce. Kafin ka karɓi gurbi a ko'ina, nemi kundin dokokin ɗaliban sashen, yawanci yana shafinsu na intanet, ka karanta babin wannan jarrabawar. Sau nawa ake zama, wa yake zaɓar kwamiti, me zai faru in ba a ci ba.

Game da shiri, abin da ya fi amfani shi ne gwajin zama. Ka tara manyan ɗaliban da suka riga suka wuce, har da na wasu rukunonin da ba su san aikinka ba, ka tsaya a gaban allo su yi maka ruwan tambayoyi ba sani ba sabo, sau biyu ko uku. Duk abin da ka sa a majigi, ka tabbata za ka iya bayaninsa daga tushe. In ka nuna hoton sakamakon na'urar NMR, ka san yadda na'urar take aiki, ba danna maɓalli kawai ba. In ka rubuta sunan wani ruwan narkarwa, ka san dalilin da ya sa shi ka zaɓa, kuma "haka ake yi a rukuninmu" ita ce amsar da ta fi kowace fusata kwamiti. Ka kuma karanta ayyukan farfesoshin da za su zauna, domin kowa ta ƙofar fanninsa yake shigowa.

Masu tafiya Ingila, wanda nan ne da yawa daga masu tallafin PTDF suke zuwa, tsarinku ya bambanta amma ƙofar tana nan. Digirin shekara uku zuwa huɗu ne, babu jerin jarrabawar wata-wata, sai dai wajen ƙarshen shekarar farko za ka rubuta rahoto, malamai biyu su zauna da kai su yi maka tambayoyi kafin a tabbatar da kai. A Okusfod ma sau biyu ake wannan tantancewar kafin ka miƙa kundi. A Jamus kuwa, bisa tsarinsu na gargajiya, da digiri na biyu kake shiga, ka kama aiki da farfesanka, babbar jarrabawar baka sai a ƙarshe bayan ka miƙa kundin.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗakin, a kemistiri ko wani fannin, ya rubuto mana tambayar da ta tsayar da shi a gaban allo, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.